Daga Kantin Kwari Zuwa Janeba: Nasiha Ga Ɗalibin Kimiyyar Siyasa

A ranar 7 ga Yulin 2019, a birnin Yamai, Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a yarjejeniyar ciniki marar shinge ta nahiyar Afirka, wadda ake kira AfCFTA. Ba a rufa wata biyu ba, cikin Agusta, gwamnatinsa ta garƙame iyakokin ƙasa na tudu. Manyan motoci suka yi layi a Seme da Jibiya da Illela da Maigatari, kuma ba a fara buɗewa ba sai Disambar 2020. Masanin tattalin arziki zai lissafa maka asarar da aka tafka. Lauya zai buɗe takardun ECOWAS ya nuna maka sashen da aka taka. Kowannensu yana da gaskiya, amma akwai tambayar da suka bari: me ya sa gwamnati ɗaya ta yi alkawarin buɗe ƙofa a Yuli, ta sa mata kwaɗo a Agusta? Wa ya nemi a rufe? Wa ya shiga fada ya yi magana aka saurare shi? Wa ya ci riba, wa ya biya? Amsa waɗannan aikin masanin kimiyyar siyasa ne, kuma wannan aikin nake kwaɗaita muku, ƙannena.

Da ku nake, ku da ke aji uku ko aji huɗu, ko kuka gama hidimar ƙasa kuna tunanin digiri na biyu, zuciyarku kuma tana karkata ga koyarwa a jami'a. In kuka leƙa kundayen da ɗalibai ke tarawa a sassanmu za ku ga zaɓe, da jam'iyyu, da iyayen gidan siyasa, da matsalar tsaro. Ban raina ko ɗaya ba. Sai dai ciniki tsakanin ƙasashe mun sakar wa 'yan tattalin arziki da lauyoyi kamar babu ruwanmu, alhali a can ake yanke kuɗin buhun shinkafa, a can ake yanke ko masaƙa za ta rayu ko za ta mutu. Abin yana damuna ƙwarai. Kakanninmu sun kai ayari Gwanja sun ɗauko goro, sun ratsa Sahara da fata da baƙin yadi har Tarabulus. Bai kamata a ce jikokinsu ne suka fi ƙaranci a teburin da ake tsara dokokin fatauci na yau ba.

A shekarar 1930 majalisar Amurka ta yi dokar da ta ɗaga kuɗin fito a kan dubban kayayyaki, wadda ake kira da sunan 'yan majalisa biyu, Smoot da Hawley. Masana tattalin arziki sama da 1,000 suka sa hannu a takarda suna roƙon Shugaba Hoover kada ya amince. Ya amince. Wasu ƙasashe suka rama, ciniki ya ƙara durƙushewa ana tsakiyar karayar arzikin duniya. Wani mai neman digirin digirgir, Schattschneider, bai ɓata lokaci wajen sake cewa dokar ba ta da kyau ba, tun da an riga an faɗa. Zama ya yi ya karance tulin bayanan zaman jin ra'ayi da majalisar ta yi, yana duba wa ya zo, wa ya aiko shi, me ya roƙa. Ya tarar masu neman a kare hajarsu ne suka cika zauren, mai saye kuwa da ƙyar ake jin muryarsa. Littafinsa ya fito a 1935, har yau ana karanta shi.

Mancur Olson ya faɗaɗa wannan tunani a 1965. Mutane kaɗan da kowannensu zai sami riba mai tsoka suna saurin haɗa kai. Miliyoyin da kowannensu zai yi 'yar asara ba su cika haɗuwa ba. Ku auna shi da shinkafa. Masu manyan injinan casa ba su da yawa, sun san juna, suna da ƙungiya, suna da wanda zai kai su gaban minista. Masu awon kwano ɗaya da yamma ba su da ofis a Abuja. Kada ku ɗauka ina cewa kariya laifi ce. Ingila da Amurka da Koriya ta Kudu duk sun kare masana'antunsu lokacin da suke rarrafe. Abin bincike shi ne wa aka kare, har zuwa yaushe, kuma me aka nema daga gare shi a madadin kariyar. Akwai kuma lokacin da manomi ne ake tatsa. Robert Bates ya nuna a 1981 yadda hukumomin sayen amfanin gona a Afirka suke saye ƙasa da farashin duniya, rarar ta tafi ga gwamnati da birane. Duk wanda ya ga hoton dalar gyaɗa ta Kano ya kamata ya tambayi nawa aka biya wanda ya noma ta.

Babbar nasihata ita ce ka riƙi haja ɗaya, ka bi ta har inda ta tsaya. Ɗalibi yakan zo da take mai faɗin gaske, wai tasirin dunƙulewar duniya a kan Afirka, ya yi shafi ɗari bai faɗi abin da ba a sani ba. Dubi abin da Björn Beckman ya yi, mutumin Suwidin da ya shafe shekaru yana koyarwa a sashen kimiyyar siyasa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. Shi da Gunilla Andrae burodi suka ɗauka. Suka tambayi yadda ƙasar da yanayinta bai cika karɓar alkama ba ta wayi gari ba ta iya karin kumallo sai da alkamar Amurka. Tambayar ta kai su injinan fulawa na Legas, da gidajen burodi, da manyan ayyukan noman rani na Kadawa da Bakalori, inda aka kashe manoma masu zanga-zanga a 1980. Littafin ya fito a 1985. A 1987 gwamnati ta hana shigo da alkama, fulawa ta koma shigowa ta bayan fage, a 1992 aka janye hanin. Wanda ya karanta aikinsu bai yi mamakin ko ɗaya ba.

Bari in ɗauki auduga in nuna muku nisan da haja ɗaya za ta kai mutum. A 1902 masu masaƙun Lankasha na Ingila suka kafa ƙungiyar bunƙasa noman auduga, suna fatan Arewacin Najeriya ta rage musu dogaro da Amurka. Suna cikin waɗanda suka matsa a ja layin dogo, wanda ya iso Kano a 1911. Amma masaƙa da marina na ƙasar Kano suna biyan auduga fiye da abin da Bature ke tayawa, manoma da fatake kuma suka lissafa suka ga gyaɗa ta fi riba. Jirgin da aka so ya kwashi auduga sai ga shi yana kwasar gyaɗa. Darasin farko ke nan: mai mulki yana tsara manufa, ɗan kasuwa da manomi suna nasu lissafin.

Ka ci gaba da bin zaren. A 1957 masaƙar KTL ta fara aiki a Kakuri, Kaduna, UNTL ta biyo baya a 1964, Kano ta cika da nata a Bompai da Sharaɗa da Chalawa, audugar Funtuwa da Gusau tana ciyar da su. An kai lokacin da babu masana'antar da ta kai masaƙu ɗaukar ma'aikata a Najeriya. Sai tsarin SAP na 1986 ya zo, aka karya darajar naira, aka rushe hukumar sayen auduga. A Disambar 2001 Sin ta shiga Ƙungiyar Cinikayya ta Duniya, WTO. A Janairun 2005 aka kawo ƙarshen tsarin ƙayyade yawan tufafin da kowace ƙasa za ta kai kasuwannin Turai da Amurka, tsarin da ya faro tun 1974. KTL ta rufe a 2002, UNTL a 2007. Atamfa da shadda suna sauka a Kwatano da Lome, su hau arewa zuwa Nijar, su shigo ta hanyoyin daji su kwana a Kantin Kwari. Wani zai ce fasa-ƙwauri ne ya kashe masaƙun. Wani zai ce rashin wutar lantarki da tsadar baƙin mai. Wani zai ce tsofaffin injina da sakacin masu su. Kowa yana riƙe da wani yanki na gaskiya, kuma sau da yawa yana riƙe da yankin da ya dace da aljihunsa. Aikinka ka auna nauyin kowanne, sannan ka gano me ya sa gwamnatoci suka yi ta hana shigo da yadi suna janyewa, hanin kuma ya fi azurta mai tsallakar da kaya fiye da mai saƙa shi.

Zaren bai ƙare a nan ba, har Janeba ta ƙasar Suwizalan zai ja ka, hedkwatar WTO. A 2003 ƙasashe huɗu matalauta, Benin da Burkina Faso da Chadi da Mali, suka tashi suka ce tallafin da Amurka ke ba manoman audugarta yana karya farashin duniya, yana talauta nasu manoman. Maganar ta zama ɗaya daga abubuwan da suka dagula taron ministoci na Kankun a Mekziko a wannan shekarar. Barazil kuwa ƙara ta shigar tun 2002, ta yi nasara, a 2014 Amurka ta biya ta dala miliyan 300 aka rufe shari'ar. Ƙorafi iri ɗaya ne. Barazil tana da lauyoyi da masana da kasuwar da za ta iya ramawa da ita. Ƙasashen huɗu gaskiyarsu kawai suke da ita. Mai son fahimtar yadda iko ke aiki a duniya ya zauna da wannan bambanci ya yi ta juya shi. Ya kuma lura cewa kotun ɗaukaka ƙara ta WTO ta daina aiki tun Disambar 2019 saboda Amurka ta hana naɗa sababbin alƙalai, kuma a haka Ngozi Okonjo-Iweala ta karɓi ragamar ƙungiyar a Maris 2021.

Yanzu kayan aiki, kuma a nan ne da yawa ke ja da baya, domin babu daɗi. Dole ka iya karanta littafin kuɗin fito. Kowace haja tana da lamba a tsarin da kwastan na duniya suka yarda da shi. Shinkafa 1006 ce, auduga tana babi na 52. Harajin bai-ɗaya na ECOWAS da ya fara aiki a 2015 hawa biyar ne: sifili, kashi 5, 10, 20 da 35 cikin ɗari. Ka san bambancin kuɗin fiton da ƙasa ke karɓa a yau da rufin da ta yi alkawari a WTO ba za ta wuce ba. Rufin Najeriya a kan kayan gona kashi 150 ne, wanda ya bar wa kowace gwamnati fili mai faɗi na ɗagawa da saukewa. Ka fahimci ƙa'idojin asalin kaya, wato yadda ake tantance ko rigar da aka ɗinka a Akara da yadin Sin 'yar Afirka ce ko a'a, domin a kan irin wannan aka fi daɗewa ana ja-in-ja a AfCFTA. Ka kuma san cewa ba haraji kaɗai ke tare hanya ba. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar busasshen waken Najeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a cikinsa. Wannan hukunci an yanke shi a Turai, amma tushensa yana cikin sito a kasuwanninmu.

Kada ka guji lissafi. Ka tsallaka sashen tattalin arziki ka ɗauki darasin ƙididdiga ko da ba a tilasta maka ba. Ka koyi Faransanci, in kai ɗan Najeriya ne. Maƙwabtanmu na kan iyaka, Benin da Nijar da Chadi da Kamaru, takardunsu da shi ake rubutawa. Ɗan Nijar kuma ya dage da Ingilishi.

Sai dai alƙaluman hukuma ba su ga rabin abin da ke wucewa tsakanin Maraɗi da Katsina, ko Ƙonni da Illela. Shanu da tumaki da wake suna gangarowa kudu, gero da masara da man fetur suna haurawa arewa, da yawa ba a rubuta su a ko'ina. A nan ne Allah ya ba ku abin da ɗalibin Landan ba shi da shi. Kuna jin harshen dillali da fatoma da direba da ɗan kamasho. Kun san yadda ake gaisuwa kafin a yi tambaya. Abner Cohen ya yi nazarin Hausawan Sabo a Ibadan da cinikin shanu da goro, Paul Lovejoy ya rubuta tarihin ayarin goro, Emmanuel Grégoire ya rubuta a kan alhazan Maraɗi. Ayyuka ne nagari, ku karanta su da girmamawa, amma ku tuna daga nesa suka zo suka koyi abin da ku aka haife ku a cikinsa. Zuwa da kai ya fi saƙo: ka je kasuwar Dawanau ka zauna makonni, ka ga yadda riɗi da zoɓo ke barin hannun manomi su kama hanyar tashar jiragen ruwa. Ke kuma ƙanwata, akwai cinikin da mata ke yi a ƙetaren iyaka da cikin gidaje wanda namiji ba zai taɓa samun labarinsa yadda za ki samu ba, kuma shi ne aka fi yin watsi da shi a rubuce-rubuce. Amana ɗaya ce a kanku duka: wanda ya gaya maka yadda kayansa ke tsallake shinge ya ba ka wuyansa ne. Kada sunansa ya fito a takardarka, ko alamar da za a gane shi.

Maganar tsanin aikin jami'a ba ta da tsawo. Digiri na biyu, digirin digirgir, sannan hawa daga ƙaramin malami zuwa babban lakcara zuwa farfesa, kowane hawa yana neman maƙalu da aka buga. Wajen zaɓen wanda zai duba kundinka, ka fifita mai karanta abin da ka rubuta ya dawo maka da shi da jan biro, a kan mai babban suna da ba ya zama. Ka guji mujallun da za ka biya yau su buga gobe ba tare da wani masani ya tantance ba; suna iya kai ka ga ƙarin girma, amma babu wanda zai dogara da aikinka ranar da ake neman mai sani. Ka nemi tallafin TETFund, ka sa ido kan tarurrukan CODESRIA da ke Dakar da horon AERC da ke Nairobi. In ka sami damar karatu a waje ka tafi, amma ka tafi da tambayarka a hannu, don kada ka dawo da amsar tambayar wasu. Ba zan ɓoye muku ba, albashin bai taka kara ya karya ba, ajin cike yake, kuma a 2022 jami'o'in gwamnati sun yi wata takwas a rufe saboda yajin aiki. Wanda dukiya ce burinsa, Kwari ta fi kusa da shi, kuma wannan ba abin kunya ba ne.

Ƙarancin albashin nan shi ke buɗe ƙofar jarrabawar da ta fi kowace girma a wannan fanni. Da zarar an san ka iya, za a neme ka. Ƙungiyar masu masana'antu za ta so rahoton da zai nuna a rufe, masu shigo da kaya za su so wanda zai nuna a buɗe, wata hukumar ƙasar waje za ta so a ce yarjejeniyarta alheri ce. Kuma rahotannin nan suna aiki. Matsin masu masana'antu da ƙungiyar ƙwadago yana cikin abin da ya sa Najeriya ta ƙi sa hannu a yarjejeniyar ciniki tsakanin Afirka ta Yamma da Tarayyar Turai da aka kammala a 2014, shi ne kuma ya sa ta fasa sa hannu a AfCFTA a Kigali a Maris 2018. Ban ce kada ka karɓi aikin bincike ba. Kana da iyali, kuma ta nan ake ganin takardun da ba a gani daga aji. Amma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Saboda haka tun kafin ka karɓa ka faɗa a fili cewa abin da bincike ya nuna shi za ka rubuta, ka kuma bayyana a cikin rahoton wanda ya biya. In aka ce sai dai ka canja sakamako, ka mayar da kuɗin. Shiga gwamnati ma ba aibi ba ne. Adebayo Adedeji daga Jami'ar Ife ya fito, ya jagoranci tattaunawar da ta haifi ECOWAS a 1975, ya riƙe hukumar tattalin arzikin Afirka ta Majalisar Ɗinkin Duniya har 1991. Ibrahim Gambari ya bar aji a Zariya ya zama ministan harkokin waje a 1984. Attahiru Jega daga Jami'ar Bayero ya je hukumar zaɓe a 2010. An kira su ne saboda abin da suka gina a jami'a tun kafin kiran ya zo.

In kana neman inda za ka soma, WTO tana fitar da rahoton bitar manufofin cinikin kowace ƙasa, kyauta a intanet. Akwai na Najeriya na 2017 da na 2024, na Nijar kuma yana haɗe da na sauran ƙasashen UEMOA, wato ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da sefa. Ka sauke, ka karanta a hankali, ka ja layi a duk inda ba ka gane ba. Sannan ka zaɓi hajarka. Da ni ne ke farawa yau, da fata zan ɗauka. Fatar jar akuyar Sakkwato da Maraɗi ta yi suna tun zamanin ayarin Sahara, kuma har yanzu majemun Kano suna aika fata Italiya da Sifen. Najeriya ta hana fitar da ɗanyar fata, wanda ke yi wa masu majema daɗi. Ka je ka ji abin da mahauci da mai sayen ƙirgi a kasuwar ƙauye za su ce game da farashin da ake taya musu. Ka bincika me ya sa fatar ke fita a jeme ta dawo a takalmi, da yadda masu cin ganda ke gogayya da majemi a kan ƙirgi ɗaya. Ka duba kuma abin da ficewar Nijar daga ECOWAS a Janairun 2025 za ta yi wa fatar da ke gangarowa daga Maraɗi da Damagaram. Ka rubuta duk wannan a shafi biyu, da sunan kasuwar da za ka zauna da irin mutanen da za ka tambaya, ka kai wa malaminka kafin a raba taken kundi.